Sifilin da Walƙiya Ya Rubuta

A sashen binciken bindigogi na 'yan sanda, a wani babban gari, an yi wani ma'aikaci da kowa ke kira Walƙiya. Ba don hasken fata aka sa masa sunan ba, don sauri ne. Yana da kai, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu, kuma idonsa da hannunsa sun san aiki. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya iya jira. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone harshe, ya koma yana zagin kofi. In kana ba shi labari shi zai ƙarasa maka, ko da ba haka aka yi ba. Tun yana ƙarami aka saba yaba masa, har ya ɗauka cewa "ban gama ba" da "na yi kuskure" maganganun wasu mutane ne, ba nasa ba.

Aikin nasu kuwa aikin masu haƙuri ne. Idan aka harba bindiga, harsashi yakan tafi gaba, kwansonsa kuma ya daki ƙarfen da ke bayansa da ƙarfi kafin ya faɗo ƙasa. Wannan ƙarfen yana da ƙananan zane da ido ba ya gani, waɗanda ya samu tun ranar da aka yanka shi a masana'anta. Duk kwanson da ya dake shi sai ya kwashi zanen a gindinsa, kamar an buga masa hatimi. To in an tsinci kwanso a inda aka yi ta'asa, aka kuma kama wani da bindiga, sai a kawo su sashen. A harba bindigar cikin tankin ruwa, a ɗauki sabon kwanson, a jera shi da wanda aka tsinta ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu da ke ƙara girman abu, a yi ta juyawa ana duba ko zanen ya zo ɗaya. Wani lokaci wuni guda, wani lokaci mako.

Wadda ta fi kowa iya wannan dubawar wata dattijuwa ce da duk ma'aikata ke kira Goggo. Shekara talatin ta yi tana sunkuye a kan madubin, har wuyanta ya ɗan ranƙwafa. Ita ta koya wa Walƙiya aiki. Yana girmama ta a gaban ido, a bayan ido kuma Hawainiya yake ce mata. Ta sani sarai, ba ta taɓa nunawa ba.

Wata Litinin da hantsi ƙarti huɗu suka shigo da wani akwatin katako suna nishi. Da aka ɓalle shi sai ga na'ura fara fes, girmanta kamar ƙaramin firij, da ɗan faranti a gaba da allon kwamfuta a gefe. Mutumin kamfanin da ya kawo ta ya ɗora kwanso biyu a farantin. Wani siririn haske ya bi ta kansu, gindin kwanson ya fito a allo ƙato kamar tire, kowane zane raɗau. Kafin minti biyu lamba ta bayyana: casa'in da shida.

"Maki ke nan bisa ɗari," in ji mutumin. "In ya haye tamanin, bindiga ɗaya ce ta harba su."

Walƙiya ya yi tsalle har kujera ta kife. "Minti biyu! Goggo, kin gani? Aikin mako guda a minti biyu! Wallahi akwatunan can da suka cika mana sito, kafin wata ya mutu mun share su!"

"Na gani, ɗana," in ji Goggo. "Ɗaga kujerar."

Oga, shugaban sashen, shi ma bakinsa har kunne, amma ya ɗaga hannu. "Kafin ta taɓa shari'ar kowa sai mun auna ta. Ina son rahoto cikin mako uku: sau nawa take faɗin gaskiya, sau nawa take kuskure. Ranar da manya za su zo buɗe ta, da rahoton za mu tarbe su. Walƙiya, kai za ka riƙe gwajin. Kuma ka sani, sabon sashen na'urar zai buƙaci shugaba."

Ranar ko abincin rana Walƙiya bai iya ci ba.

Goggo ce ta tsara gwajin, don kada mai gwadawa ya san amsa. Ta ɗebo bindigogi arba'in daga sito, ƙira daban-daban, ta yi kwana huɗu tana harba su cikin tanki da toshiyar kunne. Kowane kwanso ta sa shi a ambulan, ta rubuta lamba kawai. Takardar da ke nuna wace bindiga ce ta harba wane kwanso ta kulle ta a durowarta, makullin kuma a jakarta. Walƙiya ya karɓi ambulan ɗin ya dinga haɗa su bibbiyu yana ba na'ura, har haɗi ɗari uku. Shi ke riga mai shara zuwa, shi ke fita ƙarshe. Har suna ya raɗa wa na'urar, yana ce mata 'Yar Gari.

Ranar da aka buɗe takardar amsa, ma'aikata suka cika ɗakin. Goggo na karanto lamba, Walƙiya na faɗin abin da na'ura ta ce. Daidai. Daidai. Daidai. Da aka wuce ɗari, mai buga takardu ta fara ƙirgawa da ƙarfi. Da aka wuce ɗari biyu, har direban ofis ya leƙo. Waɗanda bindiga ɗaya ta harba duk sun haye tamanin da nisa, waɗanda ba ɗaya ba ko arba'in ba su kai ba. Da aka faɗi na ɗari uku, ɗakin ya kaure da tafi. Oga ya rungume Walƙiya ya ɗaga shi sama. Shi kuwa ji yake kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ya riga ya hango sunansa a ƙofar sabon ofis.

Saura kwana uku a miƙa rahoto, Goggo ta ajiye masa wasu ambulan goma a tebur.

"Waɗannan kuma fa, Goggo? Ai mun gama."

"Mun gama mai sauƙin. Waɗannan daga bindigogi goma ne da na tono a ƙarshen sito. Dubi lambobin jikinsu, a jere suke. Rana ɗaya aka ƙera su, wuƙar inji ɗaya ce ta yanka ƙarfensu, wannan bayan wannan. In wuƙar na da ɗan tsaguwa, duk goman sai ta bar musu zane iri ɗaya."

"To ai na'urar tana gani fiye da ido."

"Tana gani. Amma 'yan biyun nan naka, ran da kuka kawo su ofis, wa ya iya bambanta su?"

Walƙiya ya yi dariya, don yana da 'yan mata biyu tagwaye da ko kakarsu sai ta tambaya. "Ni dai ina bambantawa."

"Kai ubansu ne. Ita wannan baƙuwa ce, ba mu sani ba tukuna. Gwajin da muka yi kamar ka jera 'yarka da 'yar maƙwabta ne ka ce baƙo ya raba su, ai ko makaho ya shafa ya gane. Kowane kwanso a nan daga bindiga daban yake. Ka haɗa su bibbiyu, haɗi arba'in da biyar ke nan. Duk wanda ya haye tamanin, kuskure ne, ka rubuta shi." Ta saɓa jakarta. "Gobe za a yi min aikin ido, a cire yanar nan. Ido biyun duka, don haka zan jima. Na bar maka amana."

"Allah ya ba da lafiya, Goggo. Ki ɗauka an yi an gama."

Washegari ya zauna yana ba na'ura yana 'yar waƙarsa. Na farko hamsin da biyu. Ya ɗan ɗaga gira, don bai saba ganin baƙin juna sun kai haka ba. Na biyu sittin da ɗaya. Na bakwai ya fito: tamanin da huɗu.

Waƙar ta tsaya. Ya ciro kwanson ya goge su da auduga, ya hure, ya mayar. Tamanin da huɗu. Ya ci gaba. Kafin azahar ya gama duka arba'in da biyar, kuma shida sun haye layin. Ɗaya ma har tamanin da tara. Ya sake gogewa, ya sake gwadawa, ya kashe na'urar ya kunna, har lallashinta ya yi kamar mai lallashin jaki. Shidan nan ba su motsa ba.

Ya san abin da ya kamata ya yi, kada wani ya ce bai sani ba. Ya kamata ya rubuta cewa na'urar gwana ce wajen raba bindigogin da ba su haɗa komai ba, amma a kan 'yan gida ɗaya tana ruɗewa sau shida cikin arba'in da biyar, don haka duk abin da ta ce sai an bi da ido. Sai dai rubuta haka yana nufin a ƙara gwaji na wata biyu, a ɗage bikin buɗewa, a kuma koma jiran madubin Hawainiya. Ya tuna tafin da aka yi masa. Ya ce a ransa: bindigogi dubu nawa ne a gari? Yaushe za a ce 'yan gida ɗaya sun haɗu a shari'a guda? Wannan ai neman aibu ne irin na tsofaffi. Ya tattara ambulan goman ya cusa su ƙasan durowa. A rahoton ya rubuta haɗi ɗari uku, a layin kuskure kuma ya zana sifili, ƙato, ya ja masa layi biyu.

Da yamma ya iske maiɗakinsa a falo tana duba takardun ɗalibai, don malamar lissafi ce. Ya miƙa mata rahoton yana wani ɗaga kafaɗa.

Ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau. "Abban 'yan biyu, sifili? Ko ɗaya?"

"Ko rabin ɗaya."

"Ni fa in ɗalibi ya kawo min ɗari bisa ɗari, aljihunsa nake fara dubawa."

"Ke dai ba kya raina abin tsiya. Mijinki zai zama shugaba, ki yi murna kawai."

Ta yi dariya ta yi masa barka. Shi ma ya yi dariyar, amma ya karɓe takardar da sauri ya sa a jaka.

Bikin ya yi kyau, ba ƙarya. Manya suka zo da jiniya, aka yanke kirtani, aka ɗauki hoto. Walƙiya ya tsaya cikin sabuwar kwat yana bayani, kalmar "ba ta kuskure" ya faɗe ta ta fi sau goma. Aka naɗa shi shugaban sashen na'ura. Tunda rahoto ya ce sifili, Oga ya sa hannu cewa ba sai an ƙara bi da madubi ba. Akwatunan sito suka fara raguwa kamar ana kwashe su da mota. Jami'an bincike da a da suke jiran wata biyu, yanzu da safe su kawo, da rana su karɓa. Walƙiya na tafe ana nuna shi, kansa ya yi girma har hula ta kusa ƙin shiga.

Bayan wata guda aka harbe wani direban babbar mota a bayan wani rumbun ajiyar kaya, da rana tsaka, injin wuta na ruri har ba wanda ya ji ƙarar. Kwanso ɗaya aka tsinta. Mutane sun shaida cewa jiya-jiya direban ya yi cacar baki da wani mai gadin wurin, wani dogon mutum mai sanyin magana da abokan aikinsa ke kira Dogo. Aka karɓe bindigarsa aka kawo. Walƙiya ya harba ta a tanki, ya ɗora kwanson biyu a faranti. Tamanin da takwas. Nan take ya buga rahoto ya sa hannu, jami'in binciken ko zama bai yi ba.

"Kai, aikinka na kyau!" in ji jami'in yana ninke takardar. "Ka ga bindigar sabuwa dal ko? Kamfanin gadin nan kwanan nan suka sayo guda goma sha biyu, akwati ɗaya, suka raba wa masu gadinsu."

Walƙiya ya tuna ambulan goman. Akwati ɗaya. Bakinsa ya buɗe zai ce a kawo sauran goma sha ɗayan, sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya: don me, tunda ba ta kuskure? Ya haɗiye maganar. Ya ce wa kansa ai mutumin ya yi faɗa da mamacin, ga kuma maki tamanin da takwas, me ake nema kuma? Jami'in ya fita, aka kai Dogo gidan yari.

Bayan mako biyu wata mata ta tare shi a bakin ƙofar ofis. Yayar Dogo ce, ta yi kwana uku tana zuwa tana jira.

"Yallaɓai, don Allah minti ɗaya. An ce kai ne mai na'urar. Ƙanena ya rantse min tun da aka ba shi bindigar nan, sau ɗaya ya harba ta, ranar horo. Ni na goye shi, na san ƙaryarsa na san gaskiyarsa. Ka sake dubawa, ko an samu kuskure."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri," in ji shi yana neman makullin mota. "Na'ura ba ta san kowa ba, kuma ba ta ƙarya."

Ya ja mota ya bar ta tsaye. Ranar a gida ya daka wa 'yan biyu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har uwarsu ta tambaye shi ko lafiya.

Aikin idon Goggo ya zo da gardama, sai da ta yi wata shida. Ta dawo saura kwana uku a fara sauraron shari'ar Dogo. Aka yi ta murna, tana tsokanar kowa. "Ashe haka kuke da muni? Da na sani da na bar yanar!" Da aka watse ta nemi rahoton gwaji ta karanta, ta nemi fayil ɗin Dogo ta karanta. Sannan ta shiga ofishin Walƙiya ta rufo ƙofa.

"Ɗana, ina ambulan goman?"

"Goggo, ai... lokaci ne ya ƙure."

"Ka gwada ko ba ka gwada ba?"

Ya kawar da kai gefe.

"Nawa suka haye?"

"Shida," ya faɗa da ƙyar.

Ta dafe tebur ta zauna. "Inna lillahi. Kuma ka san bindigogin kamfanin nan akwati ɗaya ne, ga shi a fayil. Wata biyar bawan Allah yana kulle." Ta ɗago ta dube shi. "Ba zan riga ka zuwa wurin Oga ba, don in ka je da ƙafarka za ka tsira da sauran mutunci. Amma ranar Alhamis za ka tsaya gaban alƙali. In ka rantse a kan sifilin nan, ni ma zan buɗe bakina."

Sau biyu ya je ƙofar Oga, sau biyu ya juyo. Ya ce a ransa Goggo ita ta raine shi a aiki, ba za ta tozarta shi ba. In aka wuce Alhamis, sai ya gyara komai a hankali, ba wanda ya ji. Mutumin da bai taɓa iya jiran komai ba, sai ga shi ya iya jinkirta gaskiya.

Ranar Alhamis kotu ta cika. Dogo na tsaye cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Goggo na zaune a layin baya. Walƙiya ya rantse, ya yi bayani tiryan-tiryan, mai gabatar da ƙara na gyaɗa kai. Sai lauyar Dogo ta miƙe, wata 'yar ƙaramar mata mai magana a hankali.

"Malam, sau nawa na'urarku take kuskure?"

"Ba ta taɓa yi ba. Ga rahoto."

"Na karanta. Na kuma je kamfanin gadin na kwafo lambobin bindigoginsu goma sha biyu. A jere suke. Kun taɓa gwada na'urar a kan bindigogin da aka ƙera a jere?"

Walƙiya ya ga tarkon. In ya ce a'a, gwajinsa ragagge ne. In ya ce e, ina sakamakon? Bai yarda ya kalli layin baya ba.

"Mun gwada," in ji shi. "Ba ta yi kuskure ba."

"Madalla. Ya mai shari'a, tunda haka ne ba abin tsoro. Ina roƙon a kawo sauran goma sha ɗayan a gwada su a gaban kowa."

Alƙali ya amince.

Ranar gwajin ɗakin ya cika fiye da ranar tafi: lauya, mai gabatar da ƙara, magatakardar kotu da littafinsa, Oga a tsaye ya harɗe hannu. Goggo ta harba bindigogin, Walƙiya aka sa ya ɗora kwanson da hannunsa, kowanne a gefen wanda aka tsinta a bayan rumbu. Na farko arba'in da bakwai. Na biyu hamsin da biyar. Ya fara samun numfashi. Na uku sittin. Na huɗu hasken ya bi ta kai, allo ya yi ɗan jim, sannan ya nuna tamanin da uku.

"Ya haye!" in ji magatakarda, ya manta a bakin aiki yake.

Na bakwai casa'in da ɗaya. Mai gabatar da ƙara ya cire tabarau ya goge. Na goma tamanin da shida. Lauyar ta juyo a hankali.

"Da ta Dogo, bindiga huɗu ke nan. Malam, kwanso ɗaya, bindiga huɗu suka harba shi?"

Goggo ce ta juya wurin Oga ta cika alkawarinta. "Ranka ya daɗe, akwai ambulan goma da na bar masa. Ya gwada, shida sun haye. Na'urar tana ajiye duk abin da aka yi da ita, a duba."

Aka duba. Ga su nan da kwanan wata, har da sau nawa ya maimaita. Oga bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu kawai ya ce, "Makullan."

Kwana tara Goggo ta yi a kan madubinta da bindigogi huɗun. Ta bar manyan zanen da suka gada daga wuƙar inji, ta bi ƙanana, waɗanda kowace bindiga ta samu ita kaɗai. A rana ta tara ta kira wani gwani daga wani sashe ya duba ba tare da ta gaya masa komai ba, shi ma ya faɗi abin da ta gani. Ba bindigar Dogo ba ce. Ba ma mai casa'in da ɗayan ba ce. Mai tamanin da ukun ce, don tayar mota ta ɗan taka kwanson ta rage mata maki. Littafin kamfani ya nuna tana hannun shugaban masu gadin rana, wanda ya ajiye aiki mako biyu bayan kama Dogo, ya kwashe iyalinsa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Aka saki Dogo bayan wata shida. Aka kori Walƙiya, aka hana shi ba da shaida a kowace kotu, aka kuma buɗe masa tuhumar ƙarya bayan rantsuwa. Rahotanni sittin da uku da ya sa wa hannu duk aka dawo da su sito, a sake bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Matar direban da aka kashe ta zo ofis tana kuka tana tambayar wa za a kama yanzu, aka rasa mai ba ta amsa. A gida maiɗakinsa ba ta ce masa "na faɗa maka" ba. Ta dai daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi masa zafi.

Ran da ya zo kwashe kayansa, yana fitowa da kwali a hannu ya yi kiciɓis da Dogo da yayarsa, sun zo yi wa Goggo godiya. Ya so ya kauce, hanyar ta yi ƙunci. Dogo ya tsaya ya dube shi, ba fushi a fuskarsa.

"Yallaɓai, tambaya ɗaya nake da ita, tun ina ciki take damuna. Da a ce tun farko an kawo sauran bindigogin, gwada su zai ɗauki kwana nawa?"

Walƙiya ya sunkuyar da kai. "Ba zai kai kwana ba."

"Wuni?"

"Awa biyu... ko uku."

Dogo ya gyaɗa kai yana maimaitawa a hankali. "Awa uku." Sannan ya ce, "Mahaifiyarmu ta rasu ina wata na huɗu a ciki. Ba a bar ni na raka ta ba. Yaya ta ce har ta cika tana tambaya wai da gaske ni na kashe mutum."

Yayar ta kama hannunsa suka wuce ciki. Walƙiya ya daɗe tsaye da kwalinsa, ya rasa ƙafar da zai fara ɗagawa.

Darasin wannan labari a fili yake. Na'urar ba ta ci amanar kowa ba, ta nuna rauninta tun ranar farko, kuma har yau ana aiki da ita a sashen, ana bi mata da ido inda aka san tana tuntuɓe. Wanda ya ci amana shi ne wanda ya ga kuskure shida ya rubuta sifili, don gaggawa da son yabo. Duk wanda aka ba shi aikin auna wani abu, ma'auni ne ko magani, inji ne ko ɗalibi, ya gwada shi a inda ya fi wuya, ba inda ya fi sauƙi ba, kuma ya faɗi abin da ya gani ko da zai ɓata biki. Kuskuren da aka bayyana ana iya yi masa shinge. Wanda aka ɓoye kuwa ba ya ɓacewa, wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ne zai ɗauki nauyinsa. In kuma ka riga ka yi, ka faɗa da bakinka tun da sauran lokaci, don kowace rana da ka ƙara kana kare sunanka, wani ne ke kwana a kulle dominta.